Dogaro ga Allah da tanadin gobe: Yadda Kiristanci ke kallon damuwar abinci

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, babu hirar da ta fi ta cefane yawa a majalisun Kano. A tsakiyar shekarar 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a watan Yulin 2024, Gwamnatin Kano kuma ta ɗora dubu guda a kai, amma ma'aikacin da ke zaune a Panshekara ko Sheka ko Chiranci ya san kwana nawa wannan kuɗi ke yi a aljihunsa. Ɗan kasuwa ma yana da tasa fargabar, domin abin da ya sayar yau ba lallai ne kuɗinsa ya sayo masa irinsa gobe ba.

A irin wannan hali ne masu wa'azi a masallatai da majami'u ke yawan jan hankalin jama'a zuwa ga dogaro da Allah. Galibin masu karanta wannan shafi sun san abin da Musulunci ya koyar game da tawakkali. Kaɗan ne suka san abin da maƙwabtansu Kiristoci ke saurare ranar Lahadi a kan wannan batu, alhali kasuwa ɗaya ake ci, kuma da mudu ɗaya ake auna wa kowa.

Yana da kyau a tuna cewa Kiristocin Kano ba a Sabon Gari kaɗai suke ba. Akwai ma'aikatan masana'antun Challawa a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, akwai kuma Hausawa Kiristoci a ƙauyukan Rano da Kibiya da Tudun Wada da Sumaila, waɗanda yawancinsu jikokin Maguzawa ne, manoma gaba da baya. Da Hausa suke ibada, da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta fito tun 1932. Koyarwar da za a duba a nan kuwa an gina ta ne da misalan gona: shuka, girbi, rumbu, tsuntsaye. Shi ya sa babu wurin da ya fi dacewa a gwada ta kamar yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, inda kayan miya da shinkafar da Kumbotso da birnin Kano ke ci suke fitowa.

Abin da nassin ya ƙunsa

Jigon koyarwar yana cikin Bisharar Matiyu, sura ta 6, daga aya ta 25 zuwa ta 34, kuma Luka ya kawo irinsa a sura ta 12. A can ne Yesu Almasihu, wato Annabi Isa alaihissalam a wurin Musulmi, ya hana almajiransa zullumi a kan ci da sha da sutura. Ya kafa hujja da tsuntsaye, waɗanda ba su da gona ba su da rumbu amma ba su kwana da yunwa, da furannin daji da suka fi Sarki Sulemanu ado ba tare da sun taɓa kaɗi ba. Ya tambaye su ko akwai wanda damuwa ta taɓa ƙara wa tsawon rai. Ya umarce su da su sa mulkin Allah da adalcinsa a gaba, ya kuma nuna musu cewa kowace rana tana da nata nauyin, bai kamata a ɗora mata na wadda ba ta zo ba.

Waɗanda aka faɗa wa wannan magana ba masu hali ba ne. Manoman Galili ne da masunta da 'yan ƙwadago, mutanen hannu baka hannu ƙwarya. A sura ta 20 ta Matiyu ɗin an ba da misalin leburori da ke tsayuwa a kasuwa tun asuba suna jiran mai gona ya ɗauke su a kan dinari guda na yini. Shari'ar Musa ta wajabta a biya irin wannan lebura kafin rana ta faɗi, saboda da kuɗin zai ci a daren. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan dashen shinkafa ko masu tsinkar tumatir a Kadawa suna jiran sallama da yamma ya ga irin mutanen da aka yi wa huɗubar. Haka nan addu'ar da Kirista ke yi kullum, wadda ake kira Addu'ar Ubangiji, abincin yini guda take roƙo. Ba ta ambaci na wata ko na shekara ba.

An rubuta Sabon Alkawari da harshen Girka, kuma kalmar da aka fassara da damuwa a nan ita ce "merimna". Ita ce aka yi amfani da ita a misalin mai shuka, inda irin da ya faɗa cikin ƙaya ya tsiro, amma ƙayar ta shaƙe shi bai yi tsaba ba, aka kuma fassara ƙayar da ɗawainiyar duniya da ruɗin dukiya. Ita ce kuma aka faɗa wa Marta, matar da hidimar baƙi ta ɗauke wa hankali har ta shiga mita. Malaman Kirista na fitar da bambanci daga nan. Tunani da lissafi da shiri aikin hankali ne, ba a hana su ba. Abin da aka hana shi ne zullumin da ke raba zuciya biyu, ya hana barci, ya hana ibada, ya kuma hana aikin kansa. Manomin Kura ya san kachalla, ciyawar da ke cika magudanar ruwa: ruwan yana nan, amma ba ya isa gona. Kusan haka suke kwatanta damuwa.

Akwai kuma abin da masu karatu kan tsallake. Ayar da ta zo gab da wannan sashe tana magana ne a kan cewa bawa ba ya iya bauta wa iyayengiji biyu, Allah da dukiya. Don haka a fahimtar Kirista, zullumi a kan abin duniya yana da alaƙa da tambayar wa mutum ya ɗauka a matsayin mai ciyar da shi. Shi ya sa attajiri ma bai tsira daga gargaɗin ba, domin sau da yawa mai buhu dubu ya fi mai mudu guda rashin barci.

Maganar tsuntsaye na iya ba mai noman shinkafa dariya. Ya san sarai inda jan baki ke samun nasu abincin, tunda shi ne ke biyan yara su yini suna kora, ko ya sayi raga ya lulluɓe gona. Sai dai ko a nan akwai abin lura: jan baki ba ya zama a sheƙa yana jira, tun kafin gari ya waye ya fita. Masu sharhi na Kirista sun daɗe suna nuna wannan, kuma Musulmi zai tuna hadisin da Tirmizi ya ruwaito a kan tsuntsun da ke sammako da yunwa ya dawo da ƙoshi, da wanda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya yi tawakkali. A ɓangaren Kirista, Manzo Bulus ne ya toshe wannan kafa. Da ya ji wasu a ikilisiyar Tasalonika sun ajiye sana'a suna zaman jira, sai ya rubuta musu cewa ba a ciyar da mai lafiyar da ya ƙi aiki da gangan. Shi kansa da ɗinkin tanti yake ci da kansa. Bahaushe dai ya riga ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Manna, rumbunan Yusufu da madatsar Tiga

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta ajiya. Idan Allah ne ke ciyarwa kowace rana, mene ne matsayin rumbu da asusu da fansho? Littafi Mai Tsarki yana da labarai biyu da a kallon farko suke kamar suna karo da juna.

Na farko yana cikin Fitowa sura ta 16. Isra'ilawa suna jeji, abincin da ake kira manna yana sauko musu kowace safiya, kowane mutum ya ɗebi awo guda, abin da bai wuce mudu ba. An hana su kwana da shi. Waɗanda suka yi kunnen ƙashi suka ɓoye sun wayi gari ya yi tsutsa yana wari. A rana ta shida kaɗai aka yarda su ɗebi ninki biyu saboda hutun Asabar, kuma wannan bai lalace ba. Na biyu yana cikin Farawa sura ta 41, labarin da Musulmi ma suka sani daga Suratu Yusuf. Yusufu ya ba Fir'auna shawarar a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na wadata, aka tara a birane, da shi aka tsallake shekaru bakwai na yunwa. A labari ɗaya ajiya rashin biyayya ce, a ɗayan kuma hikima ce daga Allah.

Madatsar ruwa ta Tiga irin aikin Yusufu ce. An gina ta tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da farin da ya addabi yankin Sahel yake ƙone gonaki yana kashe dabbobi a arewacin Najeriya. Ruwan damina ake tarewa, a sake shi da rani ta babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa ɓangaren Kura da na Bunkure, yana gangarowa da kansa ba tare da injin turawa ba. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Albarkacin wannan tanadi ne ƙasar da a da ake nomawa sau ɗaya a shekara take ba da shinkafa da damina, tumatir da albasa da alkama da masara da rani. Babu wani malamin Kirista mai hankali da zai ce gina Tiga rashin dogaro ne.

To ina bambancin? Amsar da aka fi bayarwa tana cikin Luka sura ta 12, a misalin da ya zo dab da hanin damuwa. Wani mai arziki gonarsa ta yi albarka, sai ya yanke shawarar rushe rumbunansa ya gina manya, ya tara komai, ya ce wa ransa ya huta ya ci ya sha shekaru masu yawa. A daren aka karɓi ransa. Masu sharhi kan lura cewa a duk zancen da mutumin ya yi da kansa bai ambaci Allah ba, bai ambaci maƙwabci ba. Rumbunan Yusufu an buɗe su ga jama'a da yunwa ta zo, na wannan mutum kuwa don shi kaɗai aka gina. Waɗanda suka ɓoye manna kuma tsoro ne ya sa su, tsoron cewa wanda ya bayar yau ba zai bayar gobe ba. Ke nan ana auna ajiya ne da abin da ya sa aka yi ta da kuma wanda za ta amfana.

Wannan ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. A watan Fabrairun 2024, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta. Adalci shi ne a ce ba kowace ajiya ce ɓoyo ba. Wanda ya sayi hatsi da kaka ya fito da shi da bazara yana yi wa gari hidima, domin in ba don irinsa ba da kasuwa ta bushe kafin sabon amfani ya iso. Amma littafin Karin Magana, a sura ta 11, ya ce jama'a kan tsine wa wanda ya danne hatsi, su sa wa mai fito da shi albarka. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ranar da ajiyarsa ta tashi daga tanadi ta koma jiran mutane su galabaita.

Abin da ruwan Tiga bai wanke ba

Madatsa ta rage wa manomi dogon kallon sama, amma ba ta raba shi da fargaba ba, sauya mata kama kawai ta yi. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa cikin 'yan makonni, har kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda aka buɗe a shekarar da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ya tsaya saboda rashin kaya. A shekarar da babu tsutsa kuma akwai wata masifar: kowa ya tsinka lokaci guda, kwanduna su cika Kwanar Gafan, farashi ya faɗi, a koma yanka tumatir ana shanyawa a bakin titi don a samu ko kauɗa. Ga tsadar taki, ga bashin da aka ci kafin shuka, ga wanda gonarsa ke ƙarshen magudana yana jiran ruwan da na gaba suka tare.

Koyarwar Kirista ta asali ba ta yi wa kowa alkawarin cewa sharon za ta tsallake gonarsa ba. Wasiƙar Filibiyawa, inda Bulus ya ce a mayar da kowace damuwa addu'a tare da godiya, daga kurkuku ya rubuta ta, kuma a cikinta ya faɗi cewa ya san ƙoshi ya san yunwa, ya koyi zama da kowanne. Annabi Habakuk ya rufe littafinsa da kwatanta shekarar da itatuwa ba su yi 'ya'ya ba, gonaki ba su ba da komai ba, garke ya watse, amma ya ce duk da haka ba zai saki Allah ba. Dogaron da ake nufi shi ne wanda ke nan a shekarar asara kamar yadda yake a shekarar riba.

A nan ne aka rabu da abin da ake kira bisharar wadata, wadda ta yi ƙarfi a Najeriya tun zamanin Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998. Masu wannan ra'ayi na koyar da cewa wadata da lafiya haƙƙin mai bi ne, kuma bayar da kuɗi ga aikin Allah tamkar shuka iri ne da za a girba ninki-ba-ninki. Malamai da dama a tsofaffin ikilisiyoyi irin su Katolika da Angilikan da ECWA suna sukar wannan fahimta. Hujjarsu ita ce nassin ya yi maganar ci da sha da sutura, bai yi maganar mota da bene ba, kuma a Karin Magana sura ta 30 wani mai hikima ya roƙi kada a ba shi talauci, kada kuma a ba shi dukiya, a ba shi daidai buƙatarsa. A ganin mai wannan rubutu, sukar tana da ƙarfi ta wata fuskar ma: idan aka gaya wa talaka cewa rashinsa alamar raunin bangaskiyarsa ce, an ƙara masa damuwa ta biyu a kan ta farko, wato an yi akasin abin da huɗubar ta zo yi.

Ita ECWA ɗin ma daga cikin wannan koyarwa ta fito. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta haife ta a 1954, tana cikin waɗanda ake kira mishan na bangaskiya, masu fita aiki ba tare da tabbacin albashi ba. Mutum uku ne suka fara isowa Legas a 1893: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Wanda ya rage ne ya ci gaba, kuma daga wannan aiki Asibitin Ido na Kano ya samu a 1943. Mabiyan ikilisiyar da suka san wannan tarihi ba sa ɗaukar dogaro a matsayin garkuwa daga wahala.

Ta hannun wa abincin ke zuwa

Ɓangaren da ya fi shafar zaman jama'a shi ne cewa a koyarwar Kirista, Allah Yana ciyar da mutum ne galibi ta hannun ɗan'uwansa. Shari'ar Musa ta hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf, ta hana shi komawa ya tsince abin da ya zube, domin rabon matalauci da baƙo ne. Wannan ita ce kalar da Bahaushe ya sani, kuma da ita Rut ta ciyar da kanta da surukarta. Da aka yi yunwa a zamanin Sarki Kalaudiyas na Rum, ikilisiyar Antakiya ta tara gudummawa ta aika Yahudiya. Da Bulus yake neman irin wannan taimako daga mutanen Korinti, labarin manna ya kawo musu, inda wanda ya ɗebi da yawa bai yi rara ba, wanda ya ɗebi kaɗan bai rasa ba. Wasiƙar Yakubu kuma ta yi tir da wanda ɗan'uwa zai zo masa da yunwa ya sallame shi da addu'a ba tare da ya ba shi komai ba.

Ana ganin wannan a aikace a majami'un karkara. Bayan kaka ana yin sujadar godiya, manoma su kawo dawa da masara da shinkafa da kaji. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata kan yi karo-karo don mai jego da marar lafiya da wadda mijinta ya rasu. Ba wani baƙon abu ba ne a ƙasar da ta san gayya da adashi da zakkar hatsi. A yankin noman rani ma akwai makamancinsa, ko da yake ba da sunan addini ba. A ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa, wanda ya gyara magudanan aikin Kogin Kano, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su riƙa yashe ƙananan magudanai suna tsara rabon ruwa. Manomin da ke kusa da ƙofar ruwa, idan tsoron gobe ya sa ya cika gonarsa fiye da kima, tumatirin na ƙarshen layi ne ke bushewa.

Akwai kuma inda ake karkatar da koyarwar, kuma ma'aikata sun fi kowa jin zafinsa. Shugaban da ya riƙe albashi, ko hukumar da ta bar ɗan fansho yana safa da marwa shekara da shekaru a kan haƙƙin sallamarsa, ko mai gonar da ya ce wa leburori su dawo jibi, kowannensu kan rufe zance da cewa a yi haƙuri, Allah Zai kawo. Littafin da ya hana damuwa bai ba su wannan mafaka ba. A sura ta 5 ta wasiƙar Yakubu an yi wa masu dukiya kashedi cewa ladan masu girbin da suka danne yana kai ƙara, kuma kukan masu girbin ya riga ya isa wurin Ubangiji. Hanin zullumi an yi shi ne ga mai jiran a biya shi, shi kuwa mai biya umarnin da ke kansa shi ne na Shari'ar Musa, wanda bai ba shi wa'adin da ya wuce faɗuwar rana ba.